Furen Faska na Filayen Ciyawar Amurka ta Arewa

Furen faska, wanda masana tsirrai ke kira Pulsatilla nuttalliana, ɗan ƙaramin tsiron daji ne daga dangin Ranunculaceae. Yana fitowa a filayen ciyawar Amurka ta Arewa, tun daga Alaska da yammacin Kanada har jihohin tsakiyar Amurka. Sunansa na kimiyya yana ɗauke da sunan Thomas Nuttall, masanin tsirrai ɗan Ingila.

Yana cikin furannin da ke fara leƙowa bayan hunturu, galibi a watan Afrilu, wani lokaci ma dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Furen ne ke riga ganye fitowa, shunayya ne mai haske, tsakiyarsa rawaya. Yadda yake jure wannan sanyi abin sha'awa ne ƙwarai. Gashi mai laushi ya lulluɓe karansa da bayan furen, yana kare shi daga iska. Shi kuwa furen a buɗe yake kamar 'yar ƙwarya, yana juyawa yana bin rana, sai ɗumi ya taru a cikinsa. Wannan ɗumi ke jawo ƙudan zuma a lokacin da abinci ya yi musu wuya, su kuma su kwashi ƙurar furen su kai wa wani.

Idan furen ya kaɗe, kowane iri yakan fito da doguwar wutsiya mai gashi. Iska ta ɗauke shi, in ya sauka kuma wutsiyar ta riƙa murɗewa tana warwarewa gwargwadon laima, har irin ya kutsa cikin ƙasa.

Ɗanyen tsiron yana da guba: ruwansa na sa fata ta yi bororo, yana kuma cutar da tumakin da suka ci shi da yawa.

Jihar Dakota ta Kudu ta ɗauke shi furenta na hukuma a 1903, lardin Manitoba na Kanada ya bi sahu a 1906. Sai dai wannan girmamawa ba ta tsare masa mazauni ba. Saiwarsa na nitsewa can ƙasa, ba ya son a dasa shi, kuma da wuya ya dawo filin da garma ta taɓa bi. An riga an nome mafi yawan filayen ciyawar nan, shi ya sa a wurare da dama sai a gangaren tuddai, da makiyayar da ba a taɓa nomawa ba, da tsofaffin maƙabartu ake samunsa.