Darussan da yara za su yi da hannunsu: yaƙin Bama da kiyaye teku

Yawancin yaranmu ba su taɓa ganin teku ba, kuma sojojin da suka je yaƙin Bama kusan duk sun rasu. Shi ya sa idan malami ya rubuta waɗannan darussa a allo, yara sukan haddace don jarrabawa, su manta bayan mako ɗaya. Amma abin da yaro ya taɓa da hannunsa, ko ya ji daga bakin kakarsa, yakan zauna masa. A nan mun kawo ayyukan da malamai da iyaye za su iya shiryawa da kayan da ke cikin ƙauye, ba sai an kashe kuɗi ba.

Me ya haɗa mu da wannan yaƙi?

An yi Yaƙin Duniya na Biyu daga 1939 zuwa 1945. Turawan Ingila sun ɗebi samari da yawa daga ƙauyukanmu, kuma da Hausa ake ba su umarni a bariki. A 1943 runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi daga Legas a jirgin ruwa, ta zagaya ta Afirka ta Kudu zuwa Indiya, daga nan ta shiga ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, don yaƙi da Japan. Runduna ta 82 ta bi baya a 1944. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, sai jirgin sama ne ke jefo abinci, mutanenmu su ɗauki kaya a ka cikin kurmi da ruwan sama.

Waɗanda suka zauna a gida ma sun ɗanɗana. Da Japan ta ci Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka tilasta wa dubban manoma aikin haƙar kuza a Filato har zuwa 1944. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe mutane da yawa a can.

Ayyuka a kan tarihi

1. Tambayar dattawa. A raba yara uku uku, a tura su wurin tsofaffin unguwa da tambayoyi kaɗan: Wa ya tafi soja daga gidan nan? Ya dawo? Wa ya yi noma a bayansa? Su gaida dattijo da ladabi, su nemi izini kafin su rubuta. Wasu gidaje suna da lambar girma ko takardar sallama a cikin akwati. A roƙi masu ita su kawo makaranta da kansu, yara su gani su zana, a mayar a ranar.

2. Taswira a ƙasa. A share fili a zana Afirka da Indiya da toka. A sa dutse a Legas, wani a Bombay. Yara su tura ɓawon ƙwarya a matsayin jirgi su bi hanyar da kakanninsu suka bi. Da idonsu za su ga nisan tafiyar.

3. Sunayen bariki. A tambayi yara ko sun taɓa jin barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, ko Arakan a Legas. Dukansu daga yaƙin Bama aka samo sunayen.

Mu kula da abu ɗaya. Kada mu bar darasin ya koma wasan bindiga. A cikin azuzuwanmu akwai yaran da suka gudo daga rikici, wasu sun rasa iyaye. Kada a tilasta wa kowa ya yi magana, kuma a ƙare kowane darasi da tambayar abin da yaƙi ya jawo wa mata da yara da gonaki.

Me ya haɗa mu da teku?

Tekun da ya ɗauki sojojin nan shi ne yake karɓar ruwan ƙauyukanmu da yawa. Kogin Kaduna yana tasowa daga Filato ya faɗa cikin Neja. Gongola yana haɗuwa da Binuwai a Numan. Neja da Binuwai suna gamuwa a Lakwaja, su gangara zuwa Tekun Atlantika. Kogin Haɗeja kuwa da na Yobe, Tafkin Cadi suke nufa. Ko ta ina, ledar da muka yar a kwata ruwan damina zai iya kai ta wurin masunta. Kunkurun teku yakan haɗiye leda yana tsammani abinci ce, ta toshe masa ciki, kamar yadda take yi wa awakinmu.

Ayyuka a kan ruwa

1. Kogi a tsakar makaranta. A tara yashi kamar tudu, a haƙa 'yar magudana zuwa cikin kwano. A yayyanka leda a zuba a saman tudun, a kwarara ruwa da buta. Yara su faɗi inda ledar ta ƙare.

2. Ramuka biyu. A binne ɓawon ayaba a rami ɗaya, ledar ruwan sha a ɗayan, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan wata biyu a tone. Ɓawon ya ruɓe, ledar tana nan yadda take.

3. Mai a kan ruwa. A zuba cokali ɗaya na manja a kwanon ruwa, a tsoma gashin kaza. Yara su gwada kwashe man da cokali ko auduga, su ga wahalarsa. Sai a gaya musu cewa a 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce gyaran ƙasar Ogoni daga malalar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

4. Idon raga. A gauraya wake da gero. Wake shi ne manyan kifi, gero ƙanana. A tace da rariya mai manyan huji, gero ya zube ya koma "kogi". A sake tacewa da gidan sauro, komai ya tsaya. Mai kamun kifi da gidan sauro ko da guba ya cinye kifin baɗi tun bana.

Ranakun da suka dace

Ranar 15 ga Janairu ce Najeriya take tunawa da sojojinta da suka mutu, 8 ga Yuni kuma ranar teku ce ta duniya. A waɗannan ranaku yara za su iya gayyatar iyaye su nuna zanensu, ko su fita tsintar leda a bakin rafi tare da manya.

Tambayoyi don tattaunawa

- Su wane ne tsofaffin da ya kamata yaranmu su ziyarta tun suna da rai?
- Rafin ƙauyenmu, wane kogi yake faɗawa?
- Ina muke zubar da shara yanzu, kuma wa zai ba da wurin haƙa rami nesa da ruwa?