Idan ma'aikaci ya kwanta ciwo a ƙasar Holan

A shekarar 1990, Firaministan Holan na lokacin, Ruud Lubbers, ya fito fili ya ce ƙasarsa ba ta da lafiya. Abin da ya sa ya faɗi haka shi ne kusan mutum 900,000 ne ke karɓar kuɗin naƙasa daga gwamnati, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 15 ba. Kamfanoni sun gano hanya mai sauƙi: duk ma'aikacin da ciwon baya ko damuwa ya kayar, sai a tura shi asusun gwamnati a huta.

Gyaran ya zo da dokar 2002, wadda ake wa laƙabi da dokar mai gadin ƙofa. Daga 2004 kuma aka ɗora wa kamfani nauyin biyan majinyaci aƙalla kashi 70 cikin ɗari na albashinsa har shekara biyu. Da kuɗi ya fara fita daga aljihun kamfani, sai kowa ya farka.

A ƙarƙashin wannan tsari, a mako na shida da fara ciwo likitan ma'aikata zai duba majinyacin ya rubuta abin da jikinsa zai iya ɗauka. A mako na takwas shugaban sashe da ma'aikacin za su zauna su tsara yadda zai dawo, sannan su riƙa ganawa duk bayan mako shida. A mako na 42 ake sanar da hukumar inshorar ma'aikata, UWV.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabon aikin. Likita ya san cutar, amma bakinsa a rufe yake. Shugaba bai da ikon tambayar ma'aikacinsa me ke damunsa. A wurinmu, inda mai dubiya ke fara da "me ya same ka?", wannan zai zama kamar rashin zumunci. Amma tambayar da aka bar wa shugaba ta fi amfani: me kake iya yi yanzu? Direban da ba ya jure dogon zama sai a ba shi tsara fitar motoci. Malamar da aji ya fi ƙarfinta ta fara da awa biyu a rana. In babu gurbi a kamfanin, wajibi ne a taya shi neman aiki a wani wuri. Kamfanin da UWV ta samu da sakaci kuwa, ana iya ƙara masa shekara guda ta biyan albashi.

Tsarin bai rasa tabo ba. Mai ƙaramin shago da ma'aikata uku, in ɗaya ya kwanta shekara biyu, jarinsa ne ke jin jiki. Shi ya sa wasu ke gudun ɗaukar ma'aikaci na dindindin, suna rakuɓewa ga kwantiragin wucin gadi, wanda nauyin biyan ke sauka da zarar wa'adinsa ya cika.