Iyayen Fagge da Sabon Gari, Hattara da Hutun da Babu Littafi!

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantu kan tafi dogon hutu, yaran ƙaramar sakandare su wurga jaka bayan ƙyaure, ba mai sake taɓa ta sai ranar komawa. Yaro ɗan shekara 12 zuwa 15, wanda ko a aji da ƙyar yake haɗa baƙi, in ya yi mako shida bai buɗe littafi ba, ɗan abin da ya kama ma zubewa yake yi. Ku tambayi malamai: makonnin farko na sabon zango a tushin tsohon karatu suke ƙarewa. Ɓarnar gara ke nan, ba a ganewa sai azara ta karye.

Ina yaran suke yini? Wanda ke tsaron shagon babansa a Kantin Kwari ko Singa yana koyon neman na kansa, wannan ba laifi. Sauran fa? Daga gidan kallon ƙwallo sai majalisar bakin titi, kai a sunkuye kan TikTok har dare ya raba. Daga nan ake koya wa yaro cacar ƙwallo. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Kano, amma wa zai rufe wadda ke cikin wayar da kai da kanka ka saya masa? Gwamnatin Tarayya ta hana kodin a 2018, masu ƙwaya kuwa ba su tafi hutu ba. Wanda ya saba da caca da ƙwaya dole ya nemi kuɗi, kuma mun san inda hanyar ke ɓullewa: ƙwacen waya da daba. Wannan masifa ba ta tambayar ko ɗan Bahaushe ne, ko na Ibo, ko na Bayarabe.

Abin takaici, garin nan ba baƙon karatu ba ne. A Kano aka yi zamanin da ake hayar littafi ana karɓa-karɓa gida-gida, musamman bayan fitowar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Kakanninmu da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam suka goge baki. Yau yaro ya san albashin 'yan wasan Ingila, amma shafi ɗaya ya gagare shi.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024. Madalla, sai dai gwamnati ba za ta shigo tsakar gidanka ta miƙa wa ɗanka littafi ba. Biyan kuɗin lesin kaɗai ma bai sauke maka nauyi ba.

Malam, kuɗin datar mako ɗaya ka kai su rumfar masu littattafai a kasuwar Sabon Gari. Saya masa ɗaya na Hausa, ɗaya na Turanci. Ranar da kake da sarari ka kai shi Laburaren Murtala Muhammad. Hajiya, bayan Islamiyya a ajiye waya, ya karanta miki shafi biyar da ƙarfi, 'yan mata ma haka. Ko ba ki yi boko ba, ki ce ya ba ki labarin abin da ya karanta. Nan za ki gane gaskiya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada hutun bana ya ƙare ɗanka bai sauke littafi ko ɗaya ba. Allah ya shirya mana zuri'a.