Rabin Magani, Makarantar Ƙwayar Cuta

A Badafi ta ƙaramar hukumar Kiru, kamar a Bebeji da Tudun Wada, wanda zazzaɓi ya kayar ba kasafai yake sayen cikakken magani ba. Kafso biyu ko uku zai karɓa a kemis, iya kuɗinsa. Da zarar jiki ya yi sauƙi, shi ke nan. Makiyayin gefen dajin Falgore ma da ƙiyasin ido yake yi wa shanunsa allura. Rashi ne ya jawo, to amma ƙwayar cuta ba ta san uzuri ba.

Tun 1943 Luria da Delbrück suka nuna cewa sauyin gadon halitta kan afka wa bakteriya ne bisa katari. A 1988 sai John Cairns ya tayar da ƙura: ya tsare ƙwayar E. coli da yunwa, babu abinci sai sukarin madara da ba ta iya ci, amma cikin kwanaki wasu suka sauya suka fara cinsa. Daga baya aka gano ba zaɓi ƙwayar ke yi ba. Idan wuya ta yi wuya, takan miƙa kwafar gadonta ga wani makwafi mai garaje. Kurakurai su yawaita, wani kuskuren ya zame mata mafita.

A nan sinadaran poliyamin suke shigowa. Ɗaya daga cikinsu, futiresin, daga ruɓaɓɓen nama Ludwig Brieger ya fara tace shi a 1885, shi ya sa aka daɗe ana yi masa kallon ɗoyi kawai. Binciken Igarashi da Kashiwagi a Japan ya nuna sinadaran suna ƙara yawan RpoS, furotin ɗin da ke jagorantar ƙwaya a lokacin ƙunci, shi kuma yana ƙarfafa wancan makwafi mai garaje. Ɗan uwansa kadaberin kuwa kan tsuke kofofin fatar ƙwaya, waɗanda wasu magunguna ke bi su shiga.

Abin lura ga likitocinmu shi ne sifurofulozasin da ake sha barkatai da sunan taifot. Gadon ƙwayar yake karyawa. In bai kai ya kashe ta ba, ya tura ta cikin wannan halin caca ke nan.

Mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2022 cewa bijirewar ƙwayoyin bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma gwargwadon yawan jama'a Afirka ta Yamma ce kan gaba. Gwajin da ke tantance maganin da zai ci ƙwaya kuwa, mutumin Doguwa sai ya niƙi gari zuwa babban asibiti kafin ya same shi.