Kurciya a Reshe, Jarumi a Ɗaure: Nazarin Waƙar Abu Firas

Baiti bakwai ne kacal, amma sun haura shekara dubu a bakin masu karatun Larabci. Ɗalibin da ya zauna darasin adabi, a Nasarawa ne ko Kakuri ko Tudun Wada a nan Kaduna, sau da yawa yakan ci karo da waƙar kurciya ta Abu Firas al-Hamdani. Galibi haddace ta ake yi, a rera, a wuce gaba. A ganina ta fi ƙarfin hakan. Ta cancanci a shimfiɗa ta a feɗe da irin kayan aikin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya tsara wa manazarta waƙar Hausa, wato zubi da tsari, salo, da jigo.

An haifi Abu Firas a shekarar 932 a gidan sarautar Hamdaniyawa. Ɗan baffan Saifud Daula ne, sarkin Halab, wanda ya ba shi riƙon garin Manbij. A 962 Rumawa suka kama shi da rauni a jikinsa, suka kai shi Ƙusɗanɗiniyya, birnin da ake kira Istanbul a yau. Ya yi ta aika wa ɗan'uwansa waƙoƙi yana neman a fanshe shi, fansa ta yi ta jinkiri, sai a 966 aka sako shi a wata musayar fursunoni. Waƙoƙin wannan zama su ake kira Rumiyyat, kuma ta kurciya tana cikinsu.

A zubi, kowane baiti ɗango biyu ne, abin da mu za mu kira 'yar ƙwar biyu. Karinta Ɗawil ne, mai doguwar ƙafa da jan numfashi, irin wanda Larabawa ke ɗora wa magana mai nauyi. Amsa-amonta harafin lamun ne mai wasalin ƙasa, da dogon wasali a gabansa, don haka kowane baiti yakan ƙare da sautin da ke miƙewa sannan ya sauka. Mai rerawa da kansa zai ji muryarsa tana bin saukar kukan tsuntsuwar. Babu doguwar shimfiɗa. Bai tsaya kukan kufai ba yadda magabatansa suka saba, bai yabi sarki ba. Daga baitin farko ya fuskanci kurciyar yana yi mata magana, kuma kusan rabin abin da ya faɗa tambaya ce wadda babu mai amsa ta.

Wajen hoto ne na fi jin daɗin waƙar, saboda rowar da mawaƙin ya yi. Bai faɗi launin tsuntsuwar ba, bai siffanta wuyanta ko idonta ba. Abu uku kawai ya ba mu: kuka, gashin fiffike, da reshe mai tsawo can nesa. Wannan shi ne iyakar abin da ɗaurarre zai iya samu na tsuntsu, ya ji sauti ya ɗaga kai. Kuma kowanne cikin ukun yana da kishiya a jikin mawaƙin. Ita tana sama, shi yana ƙasa. Ita tana da abin tashi, shi mari ya riƙe shi. Sai kuma babban juyin da waƙar ta ginu a kai, cewa mai 'yanci ce ke kuka alhali wanda aka ɗaure ya haɗiye nasa. Ya mutuntar da ita, ya kira ta maƙwabciya, ya gayyace ta su raba damuwa, amma a lokaci guda yana ƙaryata ta, yana ganin ba ta ɗanɗana rabuwar da za ta sa ta yi wannan kuka ba.

A nan ya saɓa wa al'adar da ya tarar. Larabawa sun daɗe suna cewa kurciya makokin wani ɗan tsako take yi wanda ya halaka tun zamanin Annabi Nuhu, shi ya sa mawaƙa ke karɓar kukanta a matsayin makoki ba tare da musu ba. Bayan Abu Firas, Abul Ala'i al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya ƙara zurfafa shakkar, har ya ce ba a san ko kuka take ko waƙa ba. Masana tsuntsaye ma a yau suna cewa galibi namijin ne ke wannan sauti, yana kiran mace ko yana shelar wurinsa. Bahaushe ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To, jawabin da Abu Firas ya ji nasa ne, shi ya ɗora wa tsuntsuwar.

Saboda haka wanda ya ce jigon waƙar bege ne ko baƙin ciki ya faɗi rabi. Sauran rabin shi ne izza. A baitin ƙarshe ya yarda cewa ya fi kurciyar cancantar hawaye, amma ya ƙi zubar da su, don ɗan sarki kuma mayaƙi ba ya araha da hawayensa a gaban maƙiyi. Mutumin da ya fito daga kurkuku ya koma fagen daga, aka kashe shi kusa da Hims a 968, ba mamaki ya yi irin wannan magana.

Mu a Kaduna ba sai an yi mana sharhin jiran fansa ba. Waɗanda aka kwashe daga jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba, kuma akwai gidaje da yawa a kudancin kogin Kaduna da arewacinsa da suka sayar da gona ko fili don karɓo nasu. Yaron da ya tashi a cikin wannan zai fahimci ɗaurarren da ke magana da tsuntsu fiye da yadda muke zato.

Ina roƙon malaman adabi, na Larabci da na Hausa, kafin su ba da haddar wannan waƙa su fito da ɗalibai gindin darbejiya ko mangwaro da hantsi su saurari kurciya, sannan su tambaye su me mawaƙin ya gani, me ya ƙi faɗa. Bayan haka a sa kowa ya gwada baiti biyu a kan shamuwa ko balbela ko hankaka, da Hausarsa.