Allon Tanderu: Sauƙinsa, Tsadarsa Da Yadda Ake Riƙonsa

Maginiyar tukwane ta gargajiya ba ta buƙatar allo. A matoya ana shimfiɗa itace da kara, a kifa tukwane bisa juna, a lulluɓe su da ciyawa da tsingaro, a sa wuta. Zafin ba ya cika wuce digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas, kuma tukunya ta jingina da 'yar'uwarta babu abin da zai same ta. Da zarar an shiga aikin tangaran, lissafi ya sake. Ruwan gilashin da ake shafa wa kofi ko faranti narkewa yake yi a cikin wuta, duk abin da ya taɓa kuwa sai ya manne da shi har abada. Dole kowane kwano ya sami mazauninsa shi kaɗai. To, yaya za a cika tanderu tun daga ƙasa har rufi alhali kaya ba sa taɓa juna? Amsar ita ce alluna masu jure wuta, waɗanda ake ɗorawa hawa-hawa a kan gajerun ƙafafu.

A arewacin Nijeriya wannan matsala ta fito fili ne a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja. Michael Cardew, wani maginin tangaran daga Ingila, ya zo a 1950 a matsayin jami'in gwamnati mai kula da sana'ar tukwane. Ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da itace da ruwa, daga ƙarshe ya zaɓi Abuja, a zamanin Sarki Sulaimanu Barau, aka buɗe cibiyar koyar da ginin tangaran a 1952. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin, kuma ita ce ke bayan takardar naira 20 a yau. Tanderun cibiyar na itace ne, ana kai shi wajen digiri 1250 zuwa sama. Abin da aka fi dogara da shi a wancan zamani akwatunan yumɓu ne masu kauri: a sa kaya ciki, a jibga wani akwati a kan wani. Akwatin yana kare kaya daga toka da harshen wuta, amma sau da yawa ya fi abin da ke cikinsa nauyi, kuma kafin wuta ta gasa kwano sai ta fara ƙosar da akwati. Cardew bai raina wannan ɓangare na sana'ar ba. A littafinsa Pioneer Pottery na 1969 ya tsaya sosai kan yadda magini zai haɗa tubalin wuta da irin waɗannan akwatuna daga ƙasar da ke kusa da shi. Mutane suna tuna zanen kada da ƙadangare a jikin randunan Ladi Kwali, ba kasafai ake tuna abin da ya tallafe su a cikin wuta ba.

Daga baya alluna suka maye gurbin akwatuna a yawancin tanderu. Wanda ya fi yawa shi ne na kodiyarait, wanda ake samu idan an gasa farar ƙasa da dutsen hoda da ɗan alumina tare. Falalarsa ita ce ba ya kumbura sosai idan ya yi zafi, saboda haka ba ya saurin tsagewa; shi ya sa ma ake amfani da shi a matatar hayaƙin da ke cikin salansar mota. Aibinsa nauyi. Allo mai faɗin santimita 30 da tsawon 60 da kaurin biyu da rabi yakan kai kilo 9. Kuma idan ana kai shi zafi mai tsanani a kai a kai, sai ya fara lanƙwasa a tsakiya, faranti kuma ya bi shi ya fito a karkace.

Alluna marasa nauyi iri biyu ne. Na farko kodiyarait ɗin ne dai, amma an bar ramuka a cikinsa daga wannan gefe zuwa wancan, nauyi ya ragu, ƙarfi bai tafi ba. Na biyu na silikon kabaid ne, sinadarin da Edward Acheson ya haɗa a Amurka a 1891, wanda mu muka fi sani a jikin dutsen injin wasa wuƙa. Wanda aka ɗaure ƙwayoyinsa da naitirojin, irin samfurin Advancer na kamfanin Saint-Gobain, kaurinsa milimita 8 ne kacal. Mai girman wancan na kilo 9, a nan kilo 4 ne, kuma yana shan digiri 1300 bai lanƙwasa ba.

Ga lissafin da ya sa ake rububinsa. Kowane kilo na allo yana cin kimanin kilojul ɗaya kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Tanderu mai alluna 10, idan aka sauya masu kauri da sirara, an rage kilo 50. Ɗumama kilo 50 zuwa digiri 1280 yana cin zafin da ya kai na kusan kilo ɗaya da rabi na gas, kuma wannan a takarda ne, domin mafi yawan zafin ƙaramin tanderu ta bututun hayaƙi da bango yake tserewa. Abin da ake ƙonawa a zahiri ya ninka haka. Sai kuma wuri. Kowane hawa yana dawo maka da santimita 1.7, hawa biyar ya ba ka fiye da santimita 8, wato jerin faranti guda kyauta a kowane gashi. Akwai kuma ribar da ba ta shiga littafin ciniki. Wanda ya taɓa sunkuyawa cikin tanderu da allo mai kilo 9, hannu a miƙe, yana lallaɓawa kada ya goge bakin kofin da ke ƙasa, ya san inda ciwon baya yake farawa. Wannan sana'a kuwa mata da yawa ne a cikinta, da dattawa.

Amma siririn allon nan ba ya yafiya, kuma babban abokin gabansa ruwa ne. Jikinsa a toshe yake ƙwarai, ga wata fatar gilashi da ke rufe shi. Ruwa ba ya shiga da sauƙi, idan kuma ya shiga ba ya fita da sauƙi. Ruwan da ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na girmansa. Idan aka hura wuta da gaggawa alhali damshi na ciki, allon fashewa yake yi, ya tafi da kayan da ke kansa, wani lokaci har da bangon tanderu. A nan wurin zama yana da tasiri. Magini a Katsina yana da watanni masu yawa na busasshiyar iska. Wanda ya kafa tanderu a Ibadan, a Sabo ko can Akinyele, damina tana tare da shi tun daga wajen Afrilu har Oktoba, rumfa tana yoyo, daɓen siminti yana jan laima daga ƙasa. Kada a ajiye allon a kan siminti ko ƙasa. A sa katako a ƙarƙashinsa, a cikin ɗaki, nesa da feshin ruwa. Wanda aka san ya jiƙe, ko ake shakka, kada a yarda da bushewar da ido ya gani. A sa shi a tanderu shi kaɗai, a riƙe zafi ƙasa da digiri 100 na sa'o'i masu yawa, sannan a hau sannu a hankali bisa jadawalin da kamfanin ya bayar. Shanya a rana ta yini guda ba ta wadatar.

Abu na biyu shi ne zafin da ya zo ta gefe ɗaya. Idan harshen wuta yana dukan kusurwa guda, ko aka buɗe ƙofa iska mai sanyi ta bugi baki ɗaya alhali tsakiya na da zafi, allon zai tsage. Ra'ayina a nan a fili yake: mai tanderun itace kada ya fara zuba kuɗinsa a kan siraran alluna, balle ya sa su kusa da bakin wuta. Sun fi dacewa da tanderun gas da aka daidaita. A tanderun lantarki kuma akwai wani hatsarin, domin silikon kabaid yana ɗaukar lantarki. Wayar ɗumama da ta zazzago ta taɓa allo tana iya jan mutum, saboda haka a kashe wuta daga tushe kafin a jera kaya ko a kwashe, a kuma mayar da duk wayar da ta fito daga raminta.

Sauran ƙa'idojin sun shafi kowane irin allo. Ƙafa uku ake sa masa, ba huɗu ba, kamar duwatsun murhu: uku kullum suna zama daidai, huɗu kuwa ɗaya takan rage a sama, allo ya riƙa rawa har ya karye. Ƙafafun kowane hawa su hau daidai kan na ƙasa da su, nauyi ya sauka a miƙe har daɓe. Allon farko a ɗaga shi daga daɓen tanderu, a kuma bar kimanin yatsu biyu tsakanin allo da bango don zafi ya zagaya. Kafin a jera kaya a riƙe allo a ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe. Lafiyayye ƙara yake yi garau, mai tsaga a ɓoye muryarsa a dushe take. Wanda ya tsage ba a jefar da shi, ana yanka shi ƙanana a yi matashi da shi. A wajen ajiya a jingine alluna a tsaye bisa gefensu, kada a jibga su a kwance.

Allon kodiyarait yana shan ruwan gilashin da ya ɗiga, shi ya sa ake shafe samansa da farin kariya. Haɗin da aka saba da shi: rabi alumina, kwata farar ƙasa ɗanya, kwata farar ƙasa da aka riga aka gasa don kada shafen ya tsattsage. A dama shi ruwa-ruwa, a shafa siriri sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Sama kaɗai ake shafawa. Na gefe da na ƙasa ɓarewa yake yi ya faɗa cikin kwanon da ke hawan ƙasa, ya manne a ciki. Wannan ya haifar da 'yar matsala, domin maganin lanƙwasa shi ne a riƙa juya allo, wanda kuma aka shafe sai an kankare shi tas kafin a kifa. Wasu maginan sun gwammace su bar shafe, su barbaɗa garin alumina ƙarƙashin kaya, su riƙa juyawa a kowane gashi. Siririn silikon kabaid ya huta da wannan duka: ɗigon gilashi ba ya ratsa shi, da ɗan ƙarfen kankara yake tashi. Sai dai farin tangaran mai laushi yakan kama shi ta gindi, don haka shi ma a barbaɗa masa alumina. Gyara na gaskiya dai a gindin kofi yake. A goge ruwan gilashi daga gindi da kimanin rabin santimita sama da shi, sabon haɗin da ba a gwada ba kuma a ɗora shi kan guntun tsohon allo.

Wajen kankara da gurzawa a rufe hanci da abin kariya na gaske, a kare ido, a yi aikin a waje. Ƙurar silika tana taruwa a huhu ta yi tabon da ba ya warkewa, kuma ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. Ɗankwali ko rawani a baki ba ya tare ta. Haka nan gaggawar buɗe tanderu. Yumɓu yana sauya girma farat ɗaya a digiri 573, wani nau'in silika kuma a wajen 220, saboda haka a bar ƙofa a rufe har sai hannu zai iya ɗaukar kaya.

Duk wannan a kan allon da ke hannu ne, alhali damuwar yawancin matasanmu ita ce samunsa. Siraran alluna daga waje ake kawo su, tun da aka saki darajar naira a 2023 kuwa duk abin da ya biyo ta tashar jirgin ruwa ya yi tsada. Ba na ganin za mu haɗa silikon kabaid nan kusa. Ana yinsa ne a tanderun lantarki mai zafin da ya haura digiri 2000, mu kuwa mun san halin wutarmu. Amma kodiyarait ba shi da wannan uzuri. Farar ƙasa tana nan a Ƙanƙara ta jihar Katsina, dutsen hoda yana Kagara ta jihar Neja. Sashen zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya daɗe yana yaye masana tangaran. Akwai hukumar RMRDC da aka kafa a 1987 musamman don albarkatun masana'antu na cikin gida, akwai hukumar PRODA a Inugu. Akwai kuma hannayen da suka san wuta, zuriyar aikin Abuja: Michael O'Brien, wanda ya gaji Cardew a 1965, ya taimaka aka kafa masana'antun tukwane a Maraba kusa da Kaduna da kuma Bwari, tare da magina irin su Danlami Aliyu. Jigila ma ba baƙuwarmu ba ce. Hausawan Sabon Ibadan tun 1916 suke haɗa arewa da kudu da shanu da goro, motocin da ke sauke albasa da tumatir a Akinyele ba za su gaza ɗaukar buhun farar ƙasa ko daurin alluna ba.

Abin da ya rage shi ne wani ya ɗauki allon tanderu a matsayin haja: a gwada haɗin, a matse shi a injin, a gasa, a rubuta iyakar zafin da yake jurewa a jikinsa, a kai kasuwa. Ina kira ga jami'o'inmu da hukumomin nan biyu da su fitar da sakamakon gwaje-gwajensu daga ɗakin karatu su miƙa wa masu sana'a, ga 'yan kasuwarmu kuma su sa jari. Kai kuma magini, kafin wannan rana ta zo, ka ɗauke allunanka daga kan siminti tun damina ba ta sauka ba.