Daga "Ɗan Gidan Wa?" Zuwa "Me Yake Yi?" a Ƙasar Gumel

Ranar Alhamis, tun kafin rana ta take, karar Maigatari ta riga ta cika. Makiyayin da ya koro shanunsa daga Damagaram yana tsaye gefe, sanda a kafaɗa. Dillali na kai-komo tsakaninsa da mai saye, ya ja wannan ya yi masa raɗa, ya dawo ya kama hannun wancan, har a sallama, la'adarsa ta fito. Can bayan tireloli 'yan lodi ne ke kokawa da bijimin da ya ƙi hawa. A ƙarƙashin wata laima kuwa, wani saurayi ne zaune da na'urar POS. Bai taɓa jan igiyar saniya ba, amma kuɗin cinikin ta hannunsa suke bi. Kakansa da zai dawo duniya, ba zai san sunan da zai kira wannan sana'a ba, balle ya san inda zai ajiye mai yin ta a cikin mutane.

A da ajiye mutum ba ya wahala. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen shekarar 1750, ta bi Barno ne, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, amma tsanin matsayinta bai bambanta da na sauran ƙasar Hausa ba. Sarakuna da masu sarauta ne a sama, sai malamai da attajirai, sai talakawa, su ma hawa-hawa. Sana'ar da aka gada ita ce karda, wadda aka shiga da rana tsaka kuwa shigege ce, kuma ba a ba ta girman ta gado. In aka zo neman aure, ba a fara tambayar abin da yaro yake samu. "Ɗan gidan wa?" ita ce tambayar, amsarta ke buɗe ƙofa ko ta rufe ta.

Tsanin bai karye rana ɗaya ba. Jam'iyyar NEPU, tun kafuwarta a Kano a 1950, ta mayar da kalmar "talaka" tutar siyasa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa zare ragamar mulki daga hannun en'e. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, lokacin Gumel na cikinta, dagaci ya daina zama mutumin da ake ɓuya in an hango shi. Da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, sai ga kujeru da kwangiloli da albashi a Dutse. Kwalejin Ilimi ta Gumel kuma ta yi ta yaye 'ya'yan manoma suna zama malaman makaranta. Yau ɗan mahauci na iya zama shugaban ƙaramar hukuma, ɗan hakimi ya zo gaishe shi. Uban yarinya ma ya sauya tambaya: "Me yake yi?" Wannan ci gaba ne, kuma duk mai kewar zamanin da ake shanya mutum a rana saboda kuɗin haraji, ba a shanya ubansa ba ne.

Sai dai rushewar tsohon tsani ba ta nufin kowa ya sauko ƙasa ɗaya. Turawan Ingila sun gano haka. A 2013 wani binciken BBC da mutum sama da 160,000 suka amsa ya raba al'ummarsu gida bakwai maimakon ukun da suka saba, ta la'akari da dukiya, da waɗanda mutum ya sani, da irin rayuwar da yake yi. A can ƙasa aka sami masu aikin yau-akwai-gobe-babu. Mu nan muna da sunansu tun tuni: 'yan ƙwadago da 'yan ci-rani.

Sabon ma'aunin namu, a ganina, ƙasa ce da sanayya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. Da gwamnatin Jigawa ta ware kimanin hekta 12,000 a yankin Gagarawa domin wani kamfani ya noma rake, manoma da dama sun yi ta kuka kan gonakin gado da batun diyya. Ko da an biya mutum, kuɗin diyya ƙarewa yake yi, gona kuwa kowace damina tana nan. Wanda ya rabu da ita ya tashi daga manomi ya koma lebura, 'ya'yansa su gaji leburanci. Haka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ya tona asiri: har zuwa Disamban 2020 da aka buɗe ta Maigatari, mai jari ya karkata kuɗinsa wani wajen, ɗan dako kuwa ya zauna yana kallon hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne zaure. Attajirin da, komai jin kansa, a unguwa ɗaya yake kwana da talakansa. Da daddare a fito da akushin tuwo, bara da maƙwabci da almajiri su sa hannu. Ranar gayya yaransa na cikin masu noma gonar wani. In kaka ta yi, zakkar damman gero a garin take tsayawa. Ba adalci ba ne tsantsa, ubangida da baransa ne, amma sun san sunan juna. Mai kuɗin yau, da ya tasa sai Kano ko Dutse ko Abuja. A gida ya gina katanga mai tsawo da get da maigadi, ba zaure. 'Ya'yansa na makarantar kuɗi, ba za su taɓa zama benci ɗaya da ɗan manomin riɗi na Sule Tankarkar ba. Sai azumi ko zaɓe a ga mota ta kawo shinkafa, a yi layi, a ɗauki hoto.

Don haka 'ya'yan ƙasar Lautai, wato Gumel, da Allah ya ɗaga, kafin buhun shinkafar azumi mai zuwa, ku leƙa firamaren da ta yaye ku, ku ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa.